"Ko Saragosa ko kududdufi": maganar tozuelo da taurin kan mutanen Aragon

Makiyayin Huesca:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekarata huɗu ke nan ina kiwon tumaki a wani ƙauye da ke lardin Huesca, a yankin Aragon na arewacin Sifaniya, gindin tsaunukan da suka raba ƙasar da Faransa. Tsohon da nake wa aiki yana jin tsohon harshen yankin, wanda ya sha bamban da Sifaniyancin da ake ji a rediyo. Makon jiya wani rago ya kafe a ƙofar garke, na ja ƙaho, na tura ta baya, ko gezau. Tsohon ya ce in bar shi, na ce wallahi sai ya shiga. Sai ya ƙwanƙwasa kan ragon da sandarsa ya ce "tozuelo", ya juyo ya nuna nawa kan, ya ce: "A Zaragoza o al charco." Wato ko Saragosa ko kududdufi.

Da dare matarsa ta ba ni labarin. Wai wani mutumin Aragon ne ya kama hanyar Saragosa, babban birninsu, sai ya haɗu da wani waliyyi, ya tambaye shi ina za shi. Ya ce Saragosa. Waliyyin ya ce, ka ce in Allah ya so mana. Ya ƙi faɗa. Nan take aka mayar da shi kwaɗo aka jefa a kududdufi. Bayan ya daɗe a ruwa aka dawo da shi mutum, aka sake tambayarsa ina za shi. Sai ya ce: ko Saragosa ko kududdufi.

Tambayata biyu ce. Yabona tsohon nan ya yi ko zagina? Sannan wannan tozuelo da suke kiran kai da shi, ba tozon nan namu na sa ba ne kuwa?

Baba na Zangon Shanu:
Wa alaikumus salam. Yaro, zaginka ya yi, amma zagin uba. Mutumin da aka ce ya ce in sha Allahu ya ƙi, aka hore shi, ya fito bai saduda ba, ina abin yabo? Ka duba Suratul Kahfi, aya ta 23 da 24, an hana mutum ya ce zan yi abu kaza gobe ba tare da ya jingina ga mashi'ar Allah ba. Wannan shi ne wanda bai ji bari ba ya ji hoho. Batun tozo kuwa, ni na yarda namu ne. Shekara nawa Musulmi suka yi a Andalus?

Malama Mai Alli:
Baba, Allah ya ƙara girma, a kan tozo zan ɗan saɓa maka. Na yi karatun harsunan da suka fito daga Latin, kuma kalmar nan tana da dangi da yawa a gidansu.

A harshen Aragon tozuelo kai ne, musamman bayan kai da ƙeya. A Sifaniyanci ma akwai ta, amma can ta tsaya ga kaurin dokin wuyan dabba mai ƙiba. Wutsiyar nan ta -uelo ƙari ce ta ƙaranta abu, daga Latin ta zo. In ka cire ta sai ka ga toza, wadda a Aragon take nufin kututturen da ya rage a ƙasa bayan an sare itace. To daga nan 'ya'yan suka bazu. Tozar shi ne rago ya yi tunkuyi, kuma ana faɗinsa ga mutum mai gardamar banza. Tozolón shi ne ƙumewar da mutum kan yi in ya faɗi da ka. Estozolar karya wuya. Tozal kan tudu. Sai babbar cikinsu, tozudo, mai taurin kai, wadda duk Sifaniya ake laƙaba wa mutanen Aragon. Maƙwabtansu Katalan suna cewa tossut da tossal, ma'ana ɗaya.

Joan Coromines, wanda ya rubuta babban ƙamus na asalin kalmomin Sifaniyanci a shekarun 1950, yana ganin saiwar kalmar ta girmi zuwan Rumawa yankin, kuma tun farko kututture take nufi. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda tunanin ya tafi: kututture, sai ƙeya mai kauri, sai kai, sai mutumin da ba ya tanƙwaruwa. Duk wanda ya taɓa ƙoƙarin tumɓuke kututturen kirya a gona ya san dalili.

Baba na Zangon Shanu:
Malama, ke da bakinki kika ce kaurin wuyan dabba mai ƙiba. Ni na yi shekara talatin ina dafa tozon shanu ina yi musu kuɗi. Ina tozo yake? Ba daidai inda wuya ya haɗu da baya ba? Wuri ɗaya, suna ɗaya, sai ki ce babu dangantaka?

Malama Mai Alli:
Kama da wane ba ta wane, Baba. In da ta hanyar Larabawa ta bi, da mun same ta a Larabci, alhali Balarabe sanam yake ce wa tozo. Shanun tsaunukansu kuma ba su da tozo sam, bayansu a shafe yake. Sannan a rubuce ne suka yi kama. Harafin z a bakinsu kamar tha'un Larabci yake fita, harshe tsakanin haƙora. Makiyayi zai gaya mana ko haka ne.

Makiyayin Huesca:
Haka ne Malama, kamar "tothuwelo" yake faɗa. Kuma tozal ɗin nan na san shi, akwai dutsen da muke hangowa in mun fita da tumaki, Tozal de Guara suke ce masa.

Ɗan Agadas:
Baba bai yi kuskure ba da ya tuna Andalus, sai dai alaƙar a wani wuri take. Saragosa ta zauna a hannun Musulmi daga 714 har 1118, Saraƙusɗa suke kiranta, kuma fadar da sarakunan Banu Hud suka gina tana nan tsaye har yau. Musulmin da suka rage a Aragon bayan nan sun riƙa rubuta harshen yankin da haruffan Larabci, ana kiran rubutun aljamiado, tushensu ɗaya da ajaminmu. A 1884 aka gano tarin littattafansu a ɓoye cikin wani tsohon gida a Almonacid de la Sierra. An kori Musulmin daga Aragon a 1610. Har kalmar ojalá da Sifaniyawa ke faɗa in suna fatan abu, daga Larabcin "in Allah ya so" ta samo asali. Ka ga ke nan kalmar da mutumin labarin ya ƙi faɗa ba baƙuwa ba ce a ƙasar.

Uwar Biyu:
Ni kam na karanta labarin sau uku, kuma ina ganin mun yi saurin yanke wa mutumin hukunci. Ku lura da amsarsa ta biyu. Da farko cewa ya yi Saragosa, ya rufe baki. Bayan ya sha ruwan kududdufi sai ya ce ko can ko nan. Ashe ya gane ke nan akwai wanda ya fi shi iko, kuma zai iya komawa kwaɗo. Girman kai ne ya hana shi furta kalmar, amma niyyarsa bai sauya ba, kuma ya yarda ya biya kuɗinta. Mu ma muna raba taurin kai da naci. Yaron da ya ƙi jin magana kunnen ƙashi gare shi. Yarinyar da ta faɗi jarrabawa sau biyu ta koma ta uku, wa zai zage ta? Kishiyar mahaifiyata haka take, in ta sa abu a gaba sai ta ga bayansa, kuma da wannan halin ta aurar da marayu huɗu. Ita na tuna da na ji maganar nan.

Baba na Zangon Shanu:
Hajiya, naci da in sha Allahu ba sa faɗa da juna. Ya ce in Allah ya so, sannan ya ɗaura ɗamara ya tafi, me zai rage masa?

Uwar Biyu:
Babu abin da zai rage masa, Baba, a nan na bi ka. Abin da nake cewa, masu maganar ba wa'azi suke yi da ita ba. Halinsu suke nunawa, da aibinsa da kyansa.

Ɗan Agadas:
Suna da mutum na gaske ma da suke misali da shi. Pedro de Luna, haifaffen Illueca a Aragon, an naɗa shi Fafaroma a Avignon a 1394 da sunan Benedict na 13, lokacin da cocin ya rabu. Taron manyan malaman coci na birnin Constance ya tsige shi a 1417, sarakuna suka janye masa, shi kuwa ya ci gaba da zama cikin ganuwar Peñíscola a bakin teku yana cewa shi ne dai Fafaroma, har ya mutu a 1423 yana da shekara casa'in da wani abu. Sifaniyawa na cewa mutum ya tsaya "en sus trece", a kan sha ukunsa, in ya kafe, kuma da yawa na danganta maganar da shi. Ni dai in an ce mini ko Saragosa ko kududdufi, zan duba wa ya faɗa da kuma a kan me.

Makiyayin Huesca:
Na gode ƙwarai. Yau da safe na tambayi tsohon kai tsaye. Ya ce a kan rago wauta ce, don rago ya fi ni tozuelo. Amma ya ce shi ma haka 'ya'yansa ke ce masa. Duk sun koma Saragosa, inda kusan rabin mutanen Aragon suke zaune yanzu, suna ta roƙonsa ya sayar da tumakin ya bi su, ya ƙi. Jikokinsa ba sa jin harshen, in ya yi musu magana da shi sai su amsa da Sifaniyanci. Da ya faɗi haka bai yi dariya ba.

Baba, na gaya masa sunan tozo na nuna masa hoton bijiminmu a waya. Ya daɗe yana kallo, ya sa na maimaita kalmar sau uku. Ragon kuwa, ranar nan da na gaji na sake shi, matar ce ta fito da gishiri a tafin hannu, ya bi ta har cikin garke.