Na cire aminina daga guruf saboda sharhin fim ɗin Superman, ga tikiti biyu a hannuna

Ɗan Kurna:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, kuma don Allah kada a yi min dariya.

Ni ne admin a wani ɗan guruf ɗinmu na WhatsApp na masoya finafinan DC, kamfanin da ke da jarumai irin su Superman da Batman. Ni da aminina muka buɗe shi, tun sakandare muke tare, yanzu kuma duk a Abuja muke aiki. Shi ɗan gani-kashe-nin darakta Zack Snyder ne, a wurinsa Superman ɗaya ne a duniya, Henry Cavill, jarumin da ya fito a matsayin Superman a finafinan Snyder. Tun da aka miƙa wa darakta James Gunn ragamar finafinan DC a 2022, aka ajiye Cavill, daga baya aka ɗauko David Corenswet ya maye gurbinsa, ya rantse sabon fim ɗin ba zai yi albarka ba. Ni kuwa tun tallan farko fim ɗin ya kwanta min a rai. Duk da haka mun yi alkawari jibi Juma'a, 11 ga Yuli 2025, ranar da za a fara nunawa, tare za mu shiga silima. Har na sayi tikiti biyu.

A makon jiya wata jaridar intanet ta Amurka, The Daily Beast, ta saki sharhinta tun lokacin da kamfani ya sa bai yi ba, kuma ta yi wa fim ɗin kaca-kaca. Sun sauke shi, amma mutane sun riga sun ɗauki hotonsa. Mutumina ya turo guruf yana murna, wai dama ya faɗa. Na haɗiye. Jiya Talata sauran sharhi suka fito, makin Rotten Tomatoes, shafin da ke tattara sharhin finafinai, ya haura 80. Ni ma sai na rama, na tura masa har sau uku. Ya ce saye masu sharhin aka yi, ni kuma ɗan amshin shata ne. Raina ya ɓaci na cire shi. Tun daga lokacin ko sallamata bai amsa ba.

Abu biyu nake so a taimaka min da su. Da gaske ana sayen masu sharhi? Sannan tikitin nan, in ba ƙanena ne ko in bi shi?

Baban Khalil:
Wa alaikumus salam. Tsaya in gane tukuna. Kai ka kalli fim ɗin? A'a. Shi ya kalla? A'a. To a kan me kuke faɗan? Kun yanke zumuncin shekara da shekaru a kan miyar da babu wanda ya ɗanɗana a cikinku.

Mai Lissafi:
Bari in ɗauki tambayarka ta farko, don ku duka biyun ba ku fahimci makin nan ba.

Lambar da Rotten Tomatoes ke sawa ba makin jarrabawa ba ce. Ƙirga kawai suke yi: cikin masu sharhi 100, nawa ne suka ce ba laifi, nawa ne suka ce bai yi ba. Wanda ya ce fim ɗin ya fi kowanne a bana da wanda ya ce "to, ya dai kallu" duk ƙuri'a ɗaya ce. In masu yabon sun kai kashi 60 sai a sa jan tumatir, in ba su kai ba a sa ruɓaɓɓe. Saboda haka 80 ɗin da kake ta turawa ba ta ce fim ɗin na gani na faɗa ba ne, cewa ta yi yawancinsu ba su ƙi shi ba. Kuma lambar kwanakin farko tana motsi, don masu sharhi suna ta ƙaruwa har bayan an fara nunawa.

Maganar saye kuwa, ka tambayi abokinka wannan. Kafin 2016 Warner Bros., mai finafinan DC, ita ce ta mallaki Rotten Tomatoes gaba ɗaya. A watan Fabrairun shekarar ta sayar wa Fandango, kamfanin sayar da tikitin silima, ta kuma riƙe hannun jari a Fandango ɗin. Wata guda bayan haka, a Maris, Batman v Superman na Snyder ya fito, fim ɗin Warner ɗin kanta, ya kasa kai ko 30. Idan kuɗi ke gyara makin, ai a ranar ya kamata a ga aikinsa.

Amma kada ka yi saurin tafi, yana da ɗan abin kamawa. A 2023 mujallar Vulture ta bankaɗo wani kamfanin tallata finafinai yana biyan ƙananan masu sharhi don a ɗaga makin ƙananan finafinai. Fim ɗin da mutum ashirin suka yi wa sharhi, in ka ƙara biyar ka juya lambar. Wanda ɗaruruwa ke rubutu a kansa, daga manyan jaridun Amurka da Ingila, wa zai iya rufe bakinsu duka?

Inda ya kamata a yi kaffa-kaffa shi ne yabon da ake zubawa a X daren bikin buɗe fim. Mutum an gayyace shi, ya ɗauki hoto da jarumai, yana so a sake kiransa gobe, me kake tsammanin zai rubuta? Ku tuna The Flash a 2023. Wata biyu kafin fitowarsa ana ta kuranta shi, wai ba a taɓa yin irinsa ba. Da ya fito, ko dala miliyan 300 bai haɗa ba a duk duniya.

Ummu Sultan:
Ƙanena, ni na daɗe ina kallon wannan rigimar, tun ana sayen faifai a bakin titi. A Yulin 2012, 'yan kwanaki kafin The Dark Knight Rises ya fito, wani mai sharhi mai suna Marshall Fine ya ce fim ɗin bai burge shi ba. Masoya suka yi masa ca, har da masu barazanar kashe shi, sai da Rotten Tomatoes ta rufe wurin tsokaci. Kuma a lokacin babu ɗaya daga cikinsu da ya kalli fim ɗin. A 2016 da aka kushe Suicide Squad, dubban mutane suka sa hannu a takardar koke wai a rufe shafin gaba ɗaya. A 2019 kuma abin ya juya, wasu suka yi taron dangi suna zuba wa Captain Marvel munanan kalamai tun bai fito ba, har shafin ya hana 'yan kallo tsokaci kafin ranar fitowa. Fim ɗin ya je ya haɗa sama da dala biliyan 1.

Abin da na lura da shi, duk mai irin wannan fushin ba fim yake karewa ba, jiran da ya yi yake karewa. Kai ka shekara biyu kana ƙirga kwanaki, shi ya sa sharhi ɗaya ya hana ka barci. Shi kuma ya shekara biyu yana cewa ba zai yi kyau ba, ka ga in ya yi kyau kunya ce a wurinsa. Ka cire shi a gaban jama'a, to a gaban jama'a za ka mayar da shi. Kada ka tura saƙo, ka kira shi.

Na Snyder Har Gobe:
Ni dai bari in faɗi wadda ba a so. Ɗan Kurna, kai ne da laifi. Shi sau ɗaya ya turo, kai sau uku, sannan ka yi amfani da kujerar admin. Wannan ai fin ƙarfi ne.

Kuma ku daina ganin kamar haukan banza muke yi. A Oktoban 2022 Cavill da bakinsa ya sanar ya dawo, bayan ya leƙo a ƙarshen Black Adam. Disamba bai ƙare ba aka ce ya tafi. Wa aka taɓa yi wa haka? Justice League da aka nuna a 2017 wani ne ya ƙarasa shi bayan Snyder ya bar aikin saboda rasuwar 'yarsa. Muka shekara fiye da biyu muna roƙon a sako nasa, ana ce mana babu shi, mafarki muke. A Maris 2021 sai ga shi, awa huɗu cur, kuma masu sharhin nan da kansu suka ba shi maki sama da na farkon. Wanda aka taɓa ƙaryata shi ya zo ya yi gaskiya, ba ya saurin yarda da lamba.

Amma ni ma zan shiga ranar Juma'a. Ba zan zagi abin da ban gani ba.

Mai Lissafi:
@Na Snyder Har Gobe, to ka ga da bakinka ka rushe maganar saye. Mutanen da suka yabi na awa huɗun, su ma Snyder ne ya biya su? Sannan Batman v Superman ba masu sharhi kaɗai suka ƙi shi ba. Ya buɗe da dala miliyan 166 a Amurka, mako na biyu ciniki ya faɗi da kusan kashi 69. Waɗannan 'yan kallo ne suka koma gida suka ba da labari.

Na Snyder Har Gobe:
Wanda aka nuna a silima an datse masa minti 30. Ka nemi cikakken ka kalla, sai mu yi magana.

Sarkin Zolaya:
In an rasa mai zuwa, ga ni a Kubwa, Juma'a ba ni da aiki. Ba ruwana da Gunn ba ruwana da Snyder, gugguru kawai za ka saya min.

Ɗan Kurna:
Na gode ƙwarai. Anti Ummu Sultan, maganarki ta shige ni. Na kira sau biyu bai ɗaga ba, sai na mayar da shi guruf, na rubuta a gaban kowa cewa ni na yi kuskure. Bayan la'asar ya turo min saƙo: zai zo, amma da sharaɗi biyu. Ni zan biya kuɗin mota, kuma in fim ɗin bai yi ba, hoton Cavill zan sa a fuskar guruf har wata guda. Na ce in ya yi fa? Har yanzu yana ta rubutawa yana gogewa.

Sarkin Zolaya, ka yi haƙuri, kujera ta samu mai ita.