Neman shawara: in ajiye rolon in koma alimun?

Maman Sadik:
Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah shawara nake nema. Akwai wata murya da ake ta turawa a WhatsApp, wata mata na cewa rolon da muke shafawa a hammata shi ke kawo sankarar mama. Wai akwai alminiyom a ciki, yana toshe gumi, sai dattin da ya kamata ya fita ya taru a nono. Abin ya tsaya min a rai, domin wannan ciwon ne ya yi ajalin ƙanwar mahaifiyata, Allah ya ji ƙanta. Ina koyarwa a firamare a wani ƙauye a yankin Ringim, kuma da ƙafa nake zuwa. Ga hijabi, ga zafin bazara, kafin in isa aji na jiƙe sharkaf. Ba zai yiwu in fita haka nan ba, kun san yara da baki. Maƙwabciyata ta ce in koma alimun, wata ta ce lemun tsami, surukata kuma ta ce kanwa za a jiƙa. Wanne zan kama? Kuma da gaske ne maganar sankarar?

Hajiya Mairo mai humra:
Wa alaikumus salam. Allah ya gafarta mata. 'Yata, alimun dai shi muka tashi muka ga iyayenmu na amfani da shi, shi wanzamai ke gogawa bayan aski, shi ake jefawa a randa in ruwan rafi ya yi duhu. Ki samu dunƙule babba, ki goge kaifinsa a kan siminti har ya yi sumul, don in kika bar shi da tsini zai yanke ki. Kina fitowa daga wanka sai ki ɗan jiƙa shi ki goga, ki ɗaga hannu ya bushe kafin ki sa riga. Zai bar ɗan fari-fari, ba komai ba ne. Ki ajiye shi inda ruwa ba zai kwanta masa ba, in ba haka ba narkewa zai yi. Ranar da kika aske gashin wurin kar ki sa, raɗaɗinsa sai kin yi ƙwalla. Ni humra nake sayarwa, amma tsakani da Allah humra ba ta maganin warin hammata. In ta haɗu da tsohon gumi, abin da ke fitowa ya fi na da muni.

Ummi Gumel:
Ni lemun tsami nake yankawa in goga, kuma lafiya lau.

Sista Hadiza:
Amin. Maman Sadik, ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma wannan muryar ta iso wayata daga wurare da yawa. Labarin ba sabo ba ne, tun ƙarshen shekarun 1990 yake yawo ta imel a Amurka, yanzu ne aka yi masa riga da Hausa.

Ki fara duba kwalbar da ke hannunki, don iri biyu ne muke haɗawa mu kira rolon. Akwai mai rage ƙwayoyin cutar da ke kawo wari ya kuma sa ƙamshi. Akwai mai rage gumin kansa, shi ne mai gishirin alminiyom, wanda ke toshe bakin ƙofofin gumi na ɗan lokaci, daga baya wanka da saɓar fata su tafi da shi. Shi gumi in ya fito ba shi da wari, ƙwayoyin da ke zaune a fatar hammata ne ke cin sa su fitar da tsamin.

Batun cewa datti na taruwa a nono ba haka jiki ke aiki ba. Hanta da ƙoda su ke tace jini, ba hammata ba. A 2002 an buga wani bincike a Amurka da ya kwatanta mata 813 masu sankarar mama da mata 793 da ba su da ita, ba a ga alaƙa tsakanin ciwon da shafa rolon ba, ko da bayan aski aka shafa. A 2004 wasu masu bincike a Ingila sun sami wani sinadarin hana lalacewar kayan shafa, parabin, a cikin 18 daga ƙari 20 da aka ciro daga nono, shi ya sake tayar da ƙurar. Sai dai ba su nuna daga ina sinadarin ya zo ba, ba su kuma nuna shi ya haifar da ƙarin ba. Cibiyar binciken sankara ta ƙasar Amurka har yau matsayinta shi ne babu hujjar da ta tabbatar da alaƙar.

Ga abin da zai ba ki dariya. Hajiya, a gafarce ni, ba kushe shawararki nake ba. Alimun ɗin shi ma gishirin alminiyom ne. Wadda ta bar rolon ta koma alimun saboda tsoron alminiyom, an gudu ne ba a tsira ba. In don arha ne, ko don fatarki ba ta son turaren da ke cikin rolon, to alimun ya yi, yana rage wari sosai. Amma ba zai tsayar miki da gumi kamar wancan ba, rigarki za ta ci gaba da jiƙewa.

Ummi, ki yi hattara. Ruwan lemun tsami in ya taɓa fata rana ta dake shi yana ƙonawa, ya bar baƙin tabo mai daɗewa. Hammata a rufe take, amma yatsu da bayan hannu fa? Kanwa kuwa, Maman Sadik, ki ba surukarki haƙuri, ta fi ƙarfin fatar wurin, ƙaiƙayi da saɓa za ta jawo miki. Haka bekin soda da 'yan birni ke ta yayatawa.

Waɗanda lallai sai sun tambayi likita kafin su shafa mai alminiyom su ne masu ciwon ƙoda mai tsanani, don ƙodarsu ba ta iya fitar da shi yadda ya kamata. A Amurka dole ne a rubuta wannan gargaɗin a jikin kwalba.

Maman 'yan biyu:
Hmm. Sista, su Turawan da ke yin kayan ai su ke yin binciken. Kura za ta ce da kare maye? Ni dai na daina, kuma ban ga abin da ya rage ni da shi ba.

Sista Hadiza:
Ki daina abinki, 'yar uwa, rolon ba farilla ba ne. Tsorona ɗaya, kar mace ta yar da kwalba ta ɗauka ta gama da sankara. Matan da muke gani sun zo da ciwon ya ci jiki, da yawansu ba su taɓa riƙe rolon ba a rayuwarsu. Abin da ya cuce su shi ne an daɗe a gida ana shafe-shafe ana cewa daji ba ya son allura.

Malama Sa'adatu:
In ƙara da nawa. Cire gashin hammata yana cikin sunnonin fiɗira, kuma a hadisin Anas da Muslim ya ruwaito an iyakance mana kada a bar shi ya wuce kwana 40. A bazara ma ba sai an jira hakan ba, gashin shi ke riƙe gumin.

Anti Talatu tela:
Kowa na maganar hammata, an manta da riga. Ni da nake ɗinki na san inda warin ke kwana. Yadin roba da ake ɗinka hijabi da shi, da shimin roba, su ke riƙe tsami. Ki wanke, ki goge, kina sawa jiki ya ɗumama shi sai warin jiya ya taso, ki yi ta zargin jikinki a banza. Ki nemi shimin auduga ko da guda uku ne, kullum ki canja. In za ki yi wanki ki juya rigar, ki cuɗa daidai hammatar da sabulu, ki bar ta a jiƙe kafin ki wanke, ki shanya ta a buɗe a rana, ba a ninke a kan katanga ba. Turaren wuta sai kaya sun bushe ƙarau. Sannan ki riƙe ɗan tsumma a jaka, in kin isa makaranta ki shiga bayi da buta ki goge ki tsane. Kuma masu sayen rolon a tire ranar kasuwa, a riƙa duba lambar NAFDAC da ranar da zai lalace. Na jabu sun fi ba ni tsoro a kan alminiyom, don ba wanda ya san me aka zuba a ciki.

Maman Sadik:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na duba tawa kwalbar, mai alminiyom ɗin ce. Zan riƙa sa ta ranakun makaranta, in ina gida in gwada alimun ɗin Hajiya in ga yadda fatata za ta karɓa. Anti Talatu, kamar kin leƙa akwatina, duk shimina na roba ne. Sista, tunda akwai ciwon a danginmu, me ya kamata in yi?

Sista Hadiza:
Ki faɗa wa likita, har da shekarun da marigayiyar take da su lokacin da ciwon ya bayyana, shi zai ce miki yaushe ya dace ki fara yin hoton nono a asibiti. Sau ɗaya a wata, 'yan kwanaki bayan kin yi tsarki, ki tsaya gaban madubi ki duba, sannan ki kwanta ki lalluba da tafin yatsu har cikin hammata. Abin da ake nema shi ne ƙullutu, ko kaluluwar da ta ƙi sacewa, ko kan nono ya shige ciki, ko jini na fita, ko fatar ta koma kamar ɓawon lemo. Yawancin ƙullutu ba sankara ba ne, musamman ga mai shayarwa, amma ba a gida ake tantancewa ba. Ki fara da babban asibitin da ke kusa da ke, in da buƙata su tura ki Dutse ko asibitin Malam Aminu Kano. Ranar da za a yi miki hoton nono kar ki shafa komai a hammata, ko rolon ko alimun ko hoda, don ɓurɓushinsu na iya fitowa a hoton ya rikita mai karantawa.