Jitar lantarki da na sassaƙa da maɗaci: in fesa da kaina ko in kai wa mai fentin mota?

Ɗan Mabera:
Assalamu alaikum. Na gama sassaƙa gangar jitar lantarki da katakon maɗaci, na goge ta da samfefa har lamba 220, wuyan yana gefe ban ɗaura ba tukuna. Fentin da nake so shi ne mai hudowar rana: tsakiya rawaya ana ganin jijiyar katako, ja ya biyo baya, gefe ya ƙare da baƙi, ba tare da an ga inda wata kala ta tsaya wata ta tashi ba. Ba ni da kwamfaresa, injin iskar da ake fesa fenti da shi. Ko dai in sayi fentin gwangwani in fesa a gida, ko in kai wa wani mai fentin mota da ya ce zai yi mini a naira 25,000. Muna da wasa a wani biki nan da sati uku, ina so in riƙe ta a ranar. Ga kuma hunturu ya kankama a nan Sakkwato. Wanda ya taɓa yi ya taimaka.

Na Arkilla:
Wa alaikumus salam. Ka samu kwamfaresa mai kyau da bindigar fenti, shi ke nan ka huta.

Ɗan Mabera:
Yaya, ai na ce ba ni da ita.

Baba Kafinta:
Yaro, tun kafin a zo batun wa zai fesa, dubi katakonka. Maɗaci ja ne, kuma jikinsa duk ƙananan ramuka ne. Rawayar da kake gani a hotuna ba za ta fito a kansa ba. Kamfanin Fender da ya fitar da jitar Stratocaster a 1954 da kala biyu, rawaya da baƙi-baƙi, a kan farin katako ya yi, sai a 1958 aka ƙara ja a tsakani. Ita ma jitar Les Paul ta kamfanin Gibson ta 1958 zuwa 1960, bayanta ne ɗan'uwan maɗaci, fuskar da aka yi wa fentin farin katako ce aka manna. In ka sa rawaya a kan maɗaci ruwan zuma mai duhu za ka samu. Ni a wurina hakan ya fi ma kyau, amma ka sani tun yanzu.
Ramukan kuma sai an cike su da abin cike jijiyar katako, a bari ya bushe, a goge, a fesa sila, wato shafin farko mai toshe jikin katako, a sake gogewa da samfefa lamba 320. In ka tsallake wannan, fenti zai riƙa nutsewa cikin ramukan ko sau nawa ka fesa. Sannan rawaya ko'ina, ja daga gefe, baƙi a ƙarshe. Bakin bindiga yana kallon waje, hannunka yana zagaye gefen, ƙurar fentin ce kawai take faɗowa ciki. Ka fara gwadawa a guntun katakon da ya rage.

Mai Goge:
Mi ya kai ka wahala? Ka tahi wurin dukawa su ba ka karan dafi da rawaya. Abin da anka rina jar fatar Sakkwato da shi har duniya ta san ta, shi zai kasa katako?

Baba Kafinta:
Rini da hannu hanya ce, ana yi da tsumma, a murza kala cikin kala tun da danshinsu. Amma fata daban katako daban, kuma rana tana cin jan rini. Su kansu Gibson jan da suka sa a na farkon ya koɗe, wasu suka koma rawaya kusan gaba ɗaya. Ranar Amurka ke nan, balle tamu.

Abu Runjin Sambo:
Ɗan'uwa, don Allah kar ka kai wa mai fentin mota. Ni aka yi wa. Tawa ba ni na sassaƙa ba, daga Agadas wani abokina ya kawo mini ita ta Ƙonni, fentinta ya tsufa na ce a sabunta. Mutumin ya rantse ya san aikin, ya karɓi sama da rabin kuɗi. Ya rataye ta a tsakar gareji cikin hazo, kusa da wata mota da ake yi wa bodi. Da na je na tarar da ita duk tsakuwa-tsakuwa, ka shafa hannu kamar bangon da ba a yi wa filasta ba. Na yi magana ya ce zai gyara. Gyaran shi ne ya ƙara fesa wani fenti a kan na farko, ashe ba jinsi ɗaya ba ne, tinar na sama, ruwan da ake tsinka fenti da shi, ta ci na ƙasa, fuskar duk ta yamutse. Bai toshe ramin da wuya ke zama ba, fenti ya cika shi, wuya ya ƙi shiga sai da aka kankare. Hudowar ranar kuwa, zobe baƙi ya zana mini da kwali, layinsa a fili. Na kai ƙara wurin shugaban garejin, aka ce a yi haƙuri yaro ne. Yaron da ke da mata biyu! Har yau jitar tana bayan ƙofa, kuɗina kuma sun tafi.

Na Arkilla:
Allah ya mayar da alheri. Nawa ka ba shi?

Abu Runjin Sambo:
15,000 muka yi, ya karɓi 8,000.

Oga Fenti:
To ka ji. Wa zai yi maka wannan aikin a 15,000? Kiliya mai hadena kaɗai, wato shafin ƙarshe mai sheƙi da ake haɗawa da sinadarin ƙamarwa, ta cinye kuɗin. Ni ƙasa da 40,000 ba na taɓawa. Kuna neman araha sannan ku zo kuna zagin sana'ar mutane. Kuma mai tambaya, in sati uku gare ka, mu ne mafitarka. Kiliyar mota hadena ce ke ƙamar da ita, cikin 'yan kwanaki an goge an yi foli. Selulos kuwa, ɗaya nau'in fentin, sai tina ta gama fita daga jikinsa, makonni yake ɗauka kafin ya yarda a goge shi da samfefa lamba 1000 zuwa 2000 da ruwa. In ka yi gaggawa, ƙyallen akwatin jitar zai bar shaida a jikinsa. Sai dai mai hadena ba a fesa shi da tsumma a hanci, guba ne, sai da abin rufe hanci na gaske.

Ɗan Mabera:
Oga, gwangwanin fa? An ce mini 3,500 ɗaya.

Na Arkilla:
Ina? 6,000 na saya a Sabuwar Kasuwa.

Mai Goge:
Kai anka gani da babbar riga. 2,800 shina nan.

Oga Fenti:
Na 2,800 ɗin fenti ne mai rufe katako ruf, na keke da ƙofa. Tsakiyar tana son kala mai shara-shara.

Injiniya:
Ni a nan Legas na yi biyu da gwangwani. Babban abin tsoro danshi ne, selulos yana yin fari-fari idan iska ta jiƙe. Ka jira tsakar rana, ka fesa daga nesa.

Baba Kafinta:
Injiniya, da girmanka, wannan shawarar Legas ce. Mu nan wane danshi a hunturu? Namu akasin haka ne: iska a bushe, fenti yana bushewa kafin ya sauka, ya zama gari-gari. Da safe ake fesawa, cikin ɗaki, a yayyafa ruwa a ƙasa ƙura ta kwanta, a sa tina mai jinkirin bushewa.

Injiniya:
Baba, kai jita nawa ka taɓa fesawa? Gado da kabad daban ne.

Baba Kafinta:
Katako bai san sunan abin da aka yi da shi ba. Tun kana makarantar allo nake riƙe da bindigar fenti.

Mai Goge:
Ku bar gardama. A bikin da dare za a yi, in an ɗauke wuta wa zai ga hudowar rana? Jitar ma ba ta kuka.

Hajiya Gidan Igwai:
Ni ba jita na sani ba, amma maganar Abu ta taɓa ni. Wannan karɓar kafin alƙalami a ɓace ita ce ta kashe mu a garin nan. Kafinta ya karɓi kuɗin gadon ɗiyata, ranar jere gado babu, waya a kashe. Da katifa a ƙasa aka kai ta.

Baba Kafinta:
Hajiya, ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Ku ma masu ba da aiki sai a gama ku ce sai ƙarshen wata, alhali katako ya tashi sau biyu tsakanin ciniki da biya.

Abu Runjin Sambo:
To in ya tashi sai a kashe waya? Teloli ma haka suke ana gobe Sallah.

Oga Fenti:
Ga injin babu wuta, ga fetur da tsada, da me za mu tayar da kwamfaresa? Ku fara tambayar wannan.

Ɗan Mabera:
Jama'a, abin cike jijiyar katakon nan a ina ake samunsa a Sakkwato? Kuma in na riƙe ta da sila kawai a bikin, daga baya fentin zai kama?

Hajiya Gidan Igwai:
Wuta ba hujja ba ce, Oga. Da rana tsaka ya karɓi kuɗina, kuma zarto na hannu gare shi.