Wane ɗan sama jannati zan kawo wa ɗalibai misali da shi?

Assalamu alaikum jama'a. An nemi in yi wa 'yan ajin ƙarshe na wata sakandare a Tudun Wada lacca kan yadda shugaba ke riƙe mutanensa idan al'amari ya rikice. Labarin ɗan sama jannati nake son kawowa, amma minti 20 aka ba ni. Jim Lovell ko Chris Hadfield? A taimaka da shawara.

Malamin kimiyya, Samaru:
Wa alaikumus salam. Malam, Lovell za ka ɗauka. Apollo 13, jirgin Amurka mai zuwa wata da ya shugabanta, ya tashi ran 11 ga Afrilu 1970, kwana biyu da tashi tankin oksijin ya fashe, sun yi nisan kimanin kilomita 320,000 daga duniya. Su uku, shi da Swigert da Haise, suka koma cikin ƙaramin jirgin da aka ƙera don mutum biyu su sauka kan wata. Iskar da suke fitarwa ta fara taruwa tana neman shaƙe su. Matatun iska na babban jirgin masu kusurwa huɗu ne, gurbin na ƙaramin kuma zagayayye, sai da leda da kwali da salatef aka haɗa su. Ran 17 suka sauko tekun Pasifik da ransu. Yaranmu da suka saba ganin ana ɗaure janareta da roba za su gane nan take.

'Yar'uwa, Sabon Gari:
Ni dai Hadfield. Shi ne ɗan Kanada na farko da ya shugabanci tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, a 2013. Saura 'yan kwanaki ya dawo amoniya, sinadarin da ke sanyaya na'urorin tashar, ta fara tsiyaya, mutum biyu suka fita suka canza famfo, shi yana ciki yana kula da su. Da ya yi ritaya yawon lacca ya kama. Jawabinsa na dandalin laccoci na TED na 2014, kan ranar da idanunsa suka daina gani yana wajen jirgi, yana YouTube. Ka nuna masu kaɗan, in wuta ta yarda.

Dattijo, Ƙofar Doka:
Ɗana, ɗaya za ka zaɓa, lokacinka ba zai ɗauki biyu ba. In Lovell ne, kada ka ɗora masa komai shi kaɗai. Dabarar salatef ɗin injiniyoyin Houston, cibiyar da ke kula da tafiyar, ne suka tsara a ƙasa, suka karanto masu ta rediyo. Nasa shi ne ya saurara, ya hana 'yan'uwansa firgita. Shugaban da ke karɓar umarni daga waɗanda suka fi shi sanin abu, wannan ne yaranmu ba su cika jin labarinsa ba.

Mai tambaya:
Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. Lovell ɗin zan yi. Malam na Samaru, ko akwai hoton matatar nan da zan iya bugawa in raba masu?