Neman kalma: mi za mu ce ma "fidélité à la marque" da Hausa? Zancen masu pikof

Mai fassara, Tawa:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Ina da shiri a rediyo ranar Lahadi kan motocin ɗaukar kaya, an ba ni takarda da faransanci in maida ta Hausa, komi ya tafi daidai sai da na kawo ga "fidélité à la marque" na tsaya cik. Abin da ake nufi mutum ya liƙe ma mota iri guda, ubanshi Toyota ya hau shi ma Toyota, ta tsufa ya saida ya sake sayo Toyota, ko an kawo mishi L200 ta Mitsubishi sabuwa dal da rangwame sai ya ce Allah ya ba da kasuwa. Na rubuta "biyayya ga marka", na karanta da ƙarfi kunnena ya ƙi. Biyayya ai iyaye da sarki ake ma. Ku taimaka kafin Asabar.

Direban Abalak:
Wa alaikumus salam malam. To ita motar kanta mi ka ce mata a takardar? don mu bashe munka sani tun zamanin Peugeot 404 mai tanti a baya

Ɗan Ƙonni:
Akori-kura mana, haka ƴan ƙetaren iyaka ke cewa. Su ma Peugeot ɗin ce ta raine su, a 1975 aka fara haɗa ta a Kaduna

Mai fassara, Tawa:
Wannan ba matsala, pikof na sa, in mai kujera biyu ce dubul kabin, kowa na ganewa. Ku dawo kan tambayata don Allah.

Malamar lakkol, Yamai:
Malam ka fara gyara ita marka ɗin tukuna. Marka a Hausa ruwan tsakiyar damina ne, wanda ke wuni yana zuba ba ƙaƙƙautawa, wasu su ce malka. Mu da muka saba da faransanci za mu gane, amma tsohon da ke sauraren ka a Bambeye ko Kalfu in ya ji "biyayya ga marka" zai zaci shirin noma ne. Alhali muna da ƙira. Kullum a labarai ana cewa mota ƙirar Hilux, kuma daga maƙera kalmar ta fito, wanda ya ƙera abu shi ke da ƙirar. Rabin aikin ya ƙare ke nan.

Direban Abalak:
Malama ta yi gaskiya. Ɗayan rabin kuma amana. Amanar ƙira. Ni shekara da shekaru ina bin Abalak, Cintabaradan har Tasara, inda kwalta ta ƙare rairayi ya fara ba ka da uwa ba ka da uba sai motarka, kuma Land Cruiser 79 ba ta taɓa kwana da ni a daji ba. Injin 1HZ ne, silinda 6, lita 4.2, gazuwal, babu kwamfuta ciki babu wani latironik, in ta yi tari ka buɗe kai ka ga abin da ke damunta da idonka. Ku tambayi ƴan Cadi, a 1987 da irin waɗanga motoci sojojin Hissène Habré sunka kori tankokin Gaddafi a Fada da Wadi Dum har anka sa ma yaƙin suna yaƙin Toyota. Wannan in ba amana ba mi ne ne?

Malamar lakkol, Yamai:
Yaya direba ka juya zancen. Abin da ka faɗa motar ce ta riƙe maka amana, mu kuma halin mai motar muke nema ma suna. In ka ce amanar ƙira ba a san wa ya riƙe ma wa ba.

Makanike, bakin tasha:
Ku bari in sa baki tunda ni ke kwana ƙarƙashin motocin nan. Wallahi mafi yawan masu cewa suna son Toyota ba so ba ne, lissafi ne. Hilux tun 1968 ake ƙera ta, ta cika ƙasa, piyas ɗinta sabbi da tsofaffi na kas duk inda ka shiga akwai, yaron garaji ɗan shekara sha biyar a Badagishiri ya san yadda zai sauke mata lam, ƙarfunan da ke ɗauke da nauyinta, ya maida. Ranar da ka tashi saidawa kafin la'asar dillali ya kawo mai saye. Ni na ɗauki L200 da D-Max motoci masu ƙarfi, Navara da Ranger ma na gyara su ba sau ɗaya ba, amma mai kai albasa daga Galmi ba ƙarfi kaɗai yake tambaya ba, yana tambaya in ta tsaya mini a hanya wa ya san ta. Wani maigidana ya taɓa sayo wata, ba zan faɗi ƙirar ba, kyakkyawa kamar amarya, wani ɗan abu na pompo ya mutu muka yi sati bakwai muna jiran shi daga waje, motar na zaune awaki na kwana ƙarƙashinta. Tun ranar ko kyauta aka ba shi irinta ba ya karɓa. Don haka ni kalmata sabo. Sabo da ƙira.

Ɗan Ƙonni:
Sabo turken wawa 😂 maigida ka zagi rabin alhazan Tawa

Makanike, bakin tasha:
Ni ban ce wawa ba kai ka ce

Malamar lakkol, Yamai:
Sabo ya kusa, sai dai a rubuce rikici ne. Sabo na sabawa da sabo na sabon abu harafinsu ɗaya, murya ce kawai ke raba su, ga kuma saɓo na saɓon Allah in mutum bai sa ƙugiya ba. Ka ce "sabon ƙira" kowa zai ji sabuwar mota ta fito. Kuma sabo abu ne da ke samun mutum ba da niyya ba, shi kuwa wannan alhajin da ya ƙi L200 da saninshi ya ƙi.

Wani ɗalibi, Yamai:
Ni dai gani-kashe-ni na sani. A Amurka haka abin yake tsakanin masu Ford da masu Chevrolet da masu Ram, gida guda kaka da jika ƙira ɗaya, har liƙa takarda suke a gilashin baya suna tsokanar juna. F-Series ta Ford tun 1977 ita ce kan gaba a cinikin pikof can. Ɗan gani-kashe-nin Ford, ɗan gani-kashe-nin Toyota, shi ke nan

Direban Abalak:
Ƙanena wannan na ƴan siyasa ne da masu kallon kokowa. Ka kira alhaji ɗan gani-kashe-ni a rediyo ka ga ko zai sake ba da talla

Tsohon ɗan kamasho:
Yara kuna ta kewaye. Mu a tasha in mutum bai canza ubangida ba cewa muke ya riƙe gida. Ana riƙon amana, ana riƙon alkawari, ana riƙon sana'ar gado. To riƙon ƙira. Bai ce so ne ba, bai ce wauta ce ba, mai riƙo don ƙauna da mai riƙo don tsoron rashin piyas duk ya ɗauke su. Kuma riƙo ana sakinshi, mu nan munka ga zamanin da ba a san wata bashe ba sai 404 da 504, ana rantsuwa da su, yau ina suke? Masu riƙon Peugeot na jiya su ne masu riƙon Toyota na yau, ga na Sin nan irin su Great Wall suna ta shigowa, wa ya sani.

Malamar lakkol, Yamai:
Baba ka gama magana. Ga shi yana lanƙwasuwa yadda ake so: mai riƙon ƙira, masu riƙon ƙira, ya saki ƙira, ya sauya ƙira. Abu ɗaya, a sa ƙugiya. Rikon kira ba ƙugiya sai a ce mutum ya ƙi ajiye waya ne.

Mai fassara, Tawa:
Na gwada shi cikin jimlar: "Riƙon ƙira ya fi ƙarfi wajen masu pikof da ke shiga daji fiye da masu ƙananan motocin gari." Ya zauna daram. Na gode baba, na gode malama. Gani-kashe-ni zan aje shi don wanda abin nashi ya wuce hankali, amma ba a shirin wannan Lahadin ba. Maigida makanike ko za ka zo situdiyo ka faɗi zancen awakin nan da bakinka?

Makanike, bakin tasha:
In ka aiko a ɗauke ni zan zo. Amma ka duba ƙirar motar da za ka aiko