Neman shawara: fitilun jirgin yaƙi na tagulla, in saya ko in haƙura?

Baban Amira:
Assalamu alaikum 'yan'uwa, da fatan an wuni lafiya. Wani abu ne ya tsaya mini a rai tun ranar Asabar, na ce bari in kawo shi gabanku.

Ina zaune a Portsmouth, kudancin Ingila, garin da sojojin ruwansu ke da babban sansani. Na daɗe ina tara tsofaffin fitilu, tun daga aci-balbal da fitilar ƙwai irin ta ɗakin kakata har zuwa ta ma'aikatan jirgin ƙasa. To a wani shagon kayan da na ga fitilu biyu na jirgin ruwa. Ɗaya gilashinta ja ne, ɗayar mai shagon ya ce kore ne, amma ni shuɗi-shuɗi nake gani. Kowacce ta kai kamu ɗaya a tsayi, ga nauyi. Bayansu a rufe yake, gaba ne kawai ke da gilashi mai kauri, mai layi-layi kamar an jera zobba. An rubuta PORT (gefen hagu na jirgi) a kan jar, STARBOARD (gefen dama) a kan ɗayar. A ciki akwai tankin mai da mazaunin lagwani.

Ya ce daga jirgin yaƙi suka fito, na zamanin Nelson, shahararren kwamandan sojojin ruwan Birtaniya, kuma fam 600 zai sayar da su biyun. Takarda kuwa babu ko ɗaya. Raina ya biya ƙwarai, amma kuɗin ba na wasa ba ne. Don Allah wanda ya san harkar ya haska mini.

Injiniya mai ritaya:
Wa alaikumus salam Baban Amira. Na yi shekaru ina aikin jirgin ruwa daga Apapa, don haka bari in fara da abin da ba ya buƙatar gardama. Maganar zamanin Nelson ba ta tashi ba. An yi yaƙin Trafalgar a 1805, a ranar Nelson ya rasu a cikin jirginsa Victory, wanda yake ajiye nan garinku. A lokacin babu dokar ja da kore sam. Jiragen yaƙin wancan zamani manyan fitilu suke ratayawa a ƙarshen jirgi ta baya, da kyandir ko mai a ciki. Sai a 1848 hukumar sojojin ruwan Birtaniya ta kafa doka cewa jirgi mai tafiya da tururi ya kunna ja a hagu, kore a dama, fari a saman sanda. A 1858 aka haɗa da jirage masu filafilai, waɗanda iska ke turawa, sannan taron ƙasashe da aka yi a Washinton a 1889 ya ƙara daidaita dokokin. Kenan duk fitilar da ke da gilashi ja ko kore, ta zo ne bayan rasuwar Nelson da shekara arba'in da wani abu, kuma yawancin waɗanda ke yawo a shaguna sun fi haka ƙuruciya nesa ba kusa ba.

Amma shuɗin da ka gani, kada ya tsorata ka. Alama ce mai kyau ma. Harshen wutar kananzir ruwan ɗorawa ne, in ya ratsa gilashi mai shuɗi-shuɗi sai ya fito kore sosai a idon wanda ke nesa. Masu ƙera na kwaikwayo sukan sa kore shar kamar kwalbar lemo, ko su shafa fenti a cikin farin gilashi. Bayan da ka ce a rufe yake shi ma daidai ne: kowacce fitilar gefe digiri 112.5 kawai take haskawa, daga goshin jirgi zuwa ɗan bayan kafaɗarsa, domin wanda ya hango ta cikin dare ya gane ina jirgin ya dosa. Layi-layin gilashin kuwa dabarar Augustin Fresnel ce, Bafaranshe, da aka fara amfani da ita a hasumiyar haska wa jirage hanya ta Cordouan da ke Faransa a 1823. Tattara hasken take yi ya tafi a miƙe bisa ruwa maimakon ya watse sama da ƙasa.

Ɗan Panteka:
Yallaɓai, ni ban san teku ba amma na san ƙarfe, a kansa na girma a Kaduna. Ka tafi da maganaɗisu a aljihu. Tagulla da jan ƙarfe ba sa kama shi. In ya manne a jikin fitilar, baƙin ƙarfe ne aka yi wa ruwan tagulla. Sai ka duba haɗin: aikin da za ka ga dalma ta kwanta ba daidai ba, da kusoshin da aka daddage da guduma. Ka leƙa bututun hayaƙin daga ciki. Fitilar da ta yi aiki shekaru za ka tarar da baƙin hayaƙi ya kama har ya zama ɓawo, kuma ƙyauren da marikin sun side inda hannu ke taɓawa. Tsufan da aka yi da ruwan batir ko'ina launi ɗaya yake, har inda hannu ba ya kaiwa. Ka kuma duba notinan. In ka ga mai kan sita, wanda tsagarsa ta gicciye, to wannan bai yaɗu ba sai bayan 1936.

Maman Sadik:
Ni dai fam 600 a kan fitilar da ba za ka kunna ba, Baban Amira, ka yi tunani. Amma tunda abin sonka ne, Allah ya sa alheri.

Malam na Landan:
Ƙari a kan bayanin Injiniya. Kasuwar nan cike take da kaya iri biyu daga Indiya. Akwai na gaske da ake cirowa daga jiragen da ake farfasawa a Alang, jihar Gujarat, inda aka fara wannan sana'a a 1983, sai dai yawancinsu jiragen kasuwanci ne na bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Akwai kuma sababbi fil da ake ƙerawa a garuruwa irin su Moradabad, a tsufar da su, a manna musu faranti mai sunan wani shahararren jirgi. Ni in na ga sunan jirgi a jikin fitila hankalina ya fi tashi, domin kayan rumbu ne, ana ba kowane jirgi, ba a cika rubuta sunansa a kai ba. Abin da za ka nema shi ne sunan maƙerin, da ɗan hatimin kibiya mai kai uku wanda gwamnatin Birtaniya ke bugawa a kayanta, da haruffan AP tare da lamba, wato samfurin da hukumar sojojin ruwa ta amince da shi. Ka kuma tambayi mai shagon inda ya samo su. In ya ce daga jirgin da ya nutse aka tsamo, ka janye hannunka: a Birtaniya wajibi ne a kai rahoton duk abin da aka ciro daga irin wannan jirgi, kuma akwai dokar 1986 da ta kare gawarwakin jiragen soja saboda kaburbura ne.

Baban Amira:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na koma yau da maganaɗisu da tocila. Bai kama ko ɗaya ba. Jikin ma ashe jan ƙarfe ne, hular da marikin da ƙyauren ne tagulla. A koren na sami faranti mai sunan Eli Griffiths & Sons, Birmingham, da kibiyar a gefe, ga baƙin hayaƙi kamar yadda Ɗan Panteka ya faɗa. Jar kuwa ba faranti, cikinta tas, notinanta masu kan sita, kuma da na jera su ta ɗan fi koren gajarta. Na gaya wa mai shagon maganar 1848, ya ce shi ma wanda ya sayar masa ne ya faɗa masa zancen Nelson.

Injiniya mai ritaya:
To ai ka gama aikin da kanka, ɗan'uwa. Ba tagwaye ba ne, haɗa su aka yi don kuɗin biyu ya fi na ɗaiɗai. Wannan kamfani na Birmingham sananne ne wajen ƙera fitilun jiragen ruwa, har da na sojoji, kuma kada tankin mai ya sa ka ɗauka ta girmi lantarki: jiragen yaƙi sun fara samun lantarki tun shekarun 1880, amma sun ci gaba da ajiye fitilun mai saboda ranar da inji zai tsaya. Ni a wurinka koren kaɗai zan taya, a matsayin fitilar sojojin ruwa ta ƙarni na 20, ba tare da an jingina ta ga wani jirgi ba. Ka sa ya rubuta maka hakan a rasit.

Anti Hajiya:
In ka saya, ina roƙonka kada ka bi ta da man goge ƙarfe na Brasso har ta yi ƙyalli. Maigidana ya yi wa wata tsohuwar butar tagulla haka, rubutun jikinta ya shafe, har yau yana jin ciwon abin. Tsumma mai laushi da ɗan kakin zuma ya isa. Kada kuma ka huda ta don sa ƙwan lantarki, akwai ƙananan fitilu masu batir da za ka ajiye a ciki. Ka ɗaga ta sama inda Amira ba za ta kai ba, saboda dalmar da ke haɗin.

Baban Amira:
Na ji, Anti, ba zan goge ba. Na kira mai shagon ɗazu, ya yarda ya raba su, sai dai ba mu daidaita a kan kuɗin koren ba tukuna. Gobe in sha Allah zan ɗauko hoton farantin da na ƙasan tankin in turo, Injiniya da Malam ku duba mini kafin in biya.