"Bin na gaba bin Allah": har da na gaban da ya saki hanya?

Ɗan Mawaƙa:
Salama 'yan'uwa. Jiya bayan sujada muka yi ka-ce-na-ce da wani dattijon ikkilisiyarmu. Fasto ya yi wa'azi cewa duk wanda ya ba da baiko mai tsoka cutarsa za ta rabu da shi, ni kuma na tambaya cikin ladabi a wace aya aka samo wannan. Dattijon ya dube ni ya ce, "Yaro, bin na gaba bin Allah." Tun jiya maganar take cina a rai. Nan ne muhallinta?

Baba Mai Sanda:
Ɗana, bai yi ƙarya ba. Ibraniyawa 13:17 ta ce mu yi biyayya da shugabanninmu, don za su ba da lissafin rayukanmu. Amma ka koma aya ta 7: a dubi yadda zamansu ya kasance, sa'an nan a yi koyi da bangaskiyarsu. Dubawa ce ta fara zuwa.

Bawan Almasihu:
Baba, da girmamawa, ni ban yarda a kawo wannan karin magana cikin ikkilisiya ba sam. Bulus da kansa da sharaɗi ya ce a bi shi, wato yadda shi yake bin Almasihu. Mutanen Biriya kullum sai sun bincika Nassi su ga ko abin da ya faɗa haka yake, kuma yaba musu aka yi. A Antakiya ma Bulus ya tsawata wa Bitrus gaba da gaba. Wa ke gaba a ranar?

Maman Tagwaye:
Ku dakata in ba ku labarin kakata, Allah ya ba mu haƙurin rashinta. Ba ta iya karatu ba, amma ba a kawo mai wa'azin da ba ta auna shi ba. Ba ta kallon bagade. In ana wa'azi, fuskar matar mai wa'azin take kallo. Takan ce, "Jikata, labarin zuciya a tambayi fuska. Mu awa biyu muke da shi, ita kuwa kwana bakwai."

An taɓa kawo musu wani mai baki, in ya buɗe murya har na waje sai sun tsaya. Kowa na yabo, kaka ta yi shiru. Ta lura duk lokacin da ya zo kan maganar ƙauna sai matar ta sunkuyar da kai. Bai cika shekara biyu ba asirinsa ya tonu, dukanta yake yi. Wanda ya gaje shi kuwa mai i'ina ne, yara har kwaikwayonsa suke yi. Da ƙanin babana ya rasu da dare, mutumin nan ya riga kowa zuwa, da hannunsa aka haƙa kabari, ya yi kwana uku yana zuwa ya zauna kusa da kaka ba ya cewa komai sai addu'a. Har ta bar duniya ba ta taɓa kiransa fasto ba, "makiyayina" take cewa.

'Yar Auta:
Mama, kin sa ni hawaye. Ai 1 Timoti 3 ke nan kaka ta haddace ba tare da ta karanta ba. Wanda ya kasa riƙe gidansa, ina zai riƙe ikkilisiyar Allah? Ku ƙirga jerin nan: mijin mace ɗaya, marar faɗa, marar son kuɗi, ba sabon tuba ba, mai shaidar kirki wurin na waje. Kusan duka hali ne.

Bawan Almasihu:
Kusan, amma kada ki tsallake "mai iya koyarwa". Haƙa kabari alheri ne, ba ya mai da koyarwar ƙarya gaskiya. Afolos gwanin magana ne, mai himma, duk da haka sai da Bilkisu da Akila suka ja shi gefe suka ƙara fayyace masa hanyar Allah. Abin da ya ɗaga shi a idona, ya saurara.

Na Bayan Benci:
Ni fa "na gaba" ɗin ne ban gane ba. Namu na gaban tun ranar rantsuwa suka wuce da jiniya, ko ƙurarsu ba ma hangowa. Ta ina za mu bi?

Maman Tagwaye:
Kwantar da hankalinka, zaɓe na zuwa. Za ka gan su a kujerar gaba da sabon Littafi Mai Tsarki, ko ledarsa ba a cire ba.

Na Bayan Benci:
A ba su makirufo kuma su yi "gaisuwa" ta minti arba'in!

Malamin Tarihi:
Kuna dariya, amma gardamar nan ta taɓa raba ikkilisiya. Bayan tsananta wa Kiristoci da sarkin Roma Diyokiletiyan ya fara a shekara ta 303, mabiyan wani bishop mai suna Donatus a Arewacin Afirka suka ce shugaban da ya miƙa littattafai masu tsarki don ya tsira da ransa, baftismar da ya yi ba ta yiwu ba. Agustin, babban malamin ikkilisiya na yankin, ya ce Almasihu ne mai baftismar, ko hannun wa aka yi amfani da shi. Har a taron bishop-bishop da aka yi a birnin Kartaj a shekara ta 411 ana kan maganar. Akwai kuma Didake, rubutun Kiristocin farko: baƙon manzon da ya kai kwana uku a zaune, ko ya roƙi kuɗi, annabin ƙarya ne. Ɗan Mawaƙa, ka ji wannan?

Baba Mai Sanda:
To ai Yesu ma ya ce a yi abin da malaman Attaura suka faɗa, kada dai a bi aikinsu.

'Yar Auta:
Shi ne kuma ya ce in makaho ya ja makaho, rami za su faɗa, Baba.

Ɗan Mawaƙa:
Kun ƙara rikita ni. An kira ni gaban dattawa ranar Laraba. In ba da haƙuri, ko in tafi da Littafina?

Maman Tagwaye:
Ka yi duka biyun, ƙanena.

Na Bayan Benci:
Mama, mai i'inan nan, ya yi makarantar tauhidi kuwa? Kuma ina matar na farkon ta ƙare?